Babban Kanti Ko Mai Shagon Layinmu: Ina Za Ka Kai Kuɗin Cefanen Wata?

Wata uku da tarewar amaryarsa, ƙanena ya same ni a gida nan Gyallesu bayan la'asar. Ko ruwa bai sha ba ya ciro wata doguwar takarda daga aljihu ya miƙo min. Rasit ne na wani babban kanti da ke wajen PZ, tsawonsa ya kusa kamu guda.

Ya ce, "Yaya, duba min nan don Allah. Ranar Talata albashi ya shigo, yau Asabar, rabi ya tafi, kuma ko ƙwayar masara babu a gidan."

Na bi rasit ɗin layi-layi. Madara babban gwangwani, biskit kala uku, man shafawa, turaren ɗaki na fesawa, da wani lemo da ko sunansa ban iya faɗa ba. Shinkafa ƙaramar jaka ɗaya. Babu wake, babu manja, babu daddawa.

Abin da yake son ji shi ne ko ya ci gaba da haɗa sayayyar wata a babban kanti, kamar yadda amarya take so, ko ya koma kan abin da ya taso ya ga Baba yana yi: awo a kasuwa, ƙananan abubuwa kuma wajen mai shagon layi. Na gwada duka biyun a shekarun da na yi ina riƙe da gida, kuma kowanne ya taɓa ƙona ni. Ga abin da na gaya masa, da ƙarin abin da lokaci bai bar ni na faɗa ba kafin a kira magariba.

Babban kanti ba baƙo ba ne a garin nan

Matasa suna ganin kamar jiya aka fara. Alhali sunan unguwar PZ kansa daga kamfanin Paterson Zochonis ya samo asali. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratso Zariya a wajajen 1911, kamfanonin Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant, daga baya UAC, suka kafa rumfuna kusa da tasha, suna sayen auduga da gyaɗa da ƙiraga, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir da sabulu. Daga wajensu kalmar kanti ta shigo bakinmu. A 1948 UAC ta buɗe Kingsway a Legas, aka yi ta buɗe rassa a manyan garuruwa, ga Leventis, ga UTC. Manyan ma'aikata na wancan zamani can suke zuwa su sayo man shanun Turawa da takalmin makaranta. Da kuɗin mai ya ja baya, aka ƙuntata shigo da kaya, aka zo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 darajar naira ta zube, sai waɗannan kantuna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kasuwar Sabon Gari kuwa tana nan inda aka bar ta.

Zagaye na biyu mun gan shi da idonmu. Shoprite ta Afirka ta Kudu ta shigo Legas a ƙarshen 2005, ta iso Kano a 2014 cikin Ado Bayero Mall. Wanda bai manta ba zai tuna yadda mutanen Zariya suke cika mota ranar Asabar a tafi Kano, a sayo burodi, a ɗauki hoto. A 2021 uwar kamfanin ta sayar da harkarta ta Nijeriya ga 'yan kasuwar cikin gida, a Janairun 2024 kuma aka rufe reshen Kano. Kasuwannin Singa da Kwari da Dawanau na Kano kuwa ko gezau.

Na kawo wannan ne saboda yawancin abin da ake rubutawa kan wannan batu labarin Amurka ne. Can, Walmart da Sam Walton ya buɗe a 1962, shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, ta riƙa sauka a bakin ƙananan garuruwa, shagunan tsakiyar gari kuma suna mutuwa. Amma Ba'amurke yana da mota, yana da firji da wutar da ba ta ɗaukewa, yana sayen abincin mako guda a tafiya ɗaya. Mutumin Tudun Jukun da yake samun na yau ya ci yau ba zai taɓa zama abokin cinikin irin wannan wuri ba. Don haka a nan babban kanti ba ya haɗiye mai shago ɗungurungum. Abin da yake yi ya fi haka dabara: yana kwashe masu kuɗi a hannu, ya bar wa mai shago masu cewa "rubuta". Zan dawo kan wannan, domin a nan maganar take.

Kuma a lura, yawancin manyan kantunan da muke shiga a Zariya, a PZ ko GRA ko kan hanyar Samaru, na 'yan kasuwar gida ne, wasu reshe ɗaya, wasu biyu ko uku. Ba ɗaya suke da kamfanin da ribarsa take tsallaka teku ba. Amma ta fuskar mai shagon layi, duk kanwar ja ce: wurin da ake tura kwando, a biya a na'ura, a fito da leda mai tambari.

Farashi, wanda kowa yake fara tambaya

Kayan kamfani, wato abin da ya zo a gwangwani ko kwali ko leda a rufe, sau da yawa babban kanti ba ya fin mai shago tsada, wani lokaci ma ya fi araha. Dalilin a fili yake. Shi yana saye kai tsaye daga dilan kamfani, mota guda. Mai shago kuwa yana sarowa wajen ɗan sari a Sabon Gari, wanda shi ma wataƙila daga Singa ya ɗauko, kowane hannu da kayan ya bi sai ya lasa, ga kuɗin mota, ga ɗan dako. Idan babban gwangwanin madara kake so, ko katan ɗin taliya, ko babbar ledar omo, ko kunzugun jarirai na zamani, je ka gwada farashin wurare biyun, kada ka yi mamaki idan mai esi ya yi ƙasa.

Sai dai shi ma yana da nasa nauyin da dole ya sauke a kanka. Hayar babban gini, dizal na janareto, albashin ma'aikata da masu gadi, ga kuɗin wuta wanda ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya tashi zuwa naira 225 kowane ma'auni a Afrilun 2024. Ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, wanda za ka gani a ƙasan rasit a kan abin da ba ainihin kayan abinci ba. Saboda haka rangwamen da yake yi a madara da taliya, yana mayar da shi a biskit da man shafawa da cakulan.

Kuma ba rangwamen ne yake tantance ko ka ci riba ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin Keke daga cikin gari zuwa PZ da dawowa da kaya ya isa ya cinye ɗan abin da ka rage. Abin da ya fi wannan ci kuwa shi ne ido. An tsara wurin ne don ka ga abin da ba ka zo nema ba: abin buƙata yana can ciki, alewa da cingam suna bakin wurin biya daidai tsayin yaro, kwandon kuma babba ne har ka ji kunyar tura shi da abu uku a ciki. A shagon layi kai ne kake faɗar abin da kake so, a miƙo maka ta taga. Ban taɓa zuwa sayen ashana na dawo da turaren ɗaki ba.

Wani abu kuma: duba rasit kafin ka bar ƙofa. A Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci saboda farashin da ke manne a kanta daban, wanda na'ura take caja daban. Lokacin da kaya suke tashi kullum, ana canza farashi a kwamfuta cikin dare, takardar kan kanta kuma ta kwana biyu ba a taɓa ta ba. Shi ma mai shago ba waliyyi ba ne a nan. Da ya ji a waya cewa buhun sukari ya tashi a Kano, tsohon kayan da ke gabansa ya tashi nan take, in ya sauka kuma sai ya ce shi da tsada ya saro.

Hatsi da kayan miya

A nan babu dogon zance. Wanda yake zaune a Zariya ya sayi tumatir a cikin roba mai murfi a ɗakin sanyi, kuɗi ne suka yi masa yawa. Fadamun Galma suna nan, Hunƙuyi da Kudan suna nan, kayan gwari suna shigowa da asuba da raɓarsu. Masara da dawa da wake da waken suya suna fitowa daga Giwa da Soba da Maƙarfi. Mai albashi da ya iya daurewa ya sayi buhun masara da kaka, tsakanin Nuwamba da Disamba, ya fi wanda ya bi kowane rangwamen kanti na shekara guda riba. Ga ciniki, ga taya, ga albarka, ga gyara da mai kayan miya zai jefa maka, attaruhu biyu ko albasa guda. Na'ura ba ta san gyara ba.

Amma zan faɗi gaskiyar da 'yan kasuwa ba sa son ji. Mudu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, akwai tiyar saye, akwai tiyar sayarwa. Akwai shinkafar da sai uwargida ta yi awa guda tana tsince tsakuwa, akwai manjan da aka zuba wa kala don ya yi ja, akwai waken da aka barbaɗa wa maganin ƙwari fiye da ƙima. Kan irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015, mu kuwa muna ci. Jakar shinkafa mai kilo 5 a babban kanti kilo 5 ce. Wanda bai iya kasuwa ba, irin ƙanena da bai san bambancin sabon wake da tsoho ba, zai iya biyan kuɗin koyo na wata shida kafin ya gane. Maganinsa ba gudun kasuwa ba ne. Ka kama mai awo guda ɗaya, ka riƙe shi, ya san fuskarka, ya san za ka dawo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to sai dai idon da ya saba.

Inda babban kanti ya yi zarra

Duk abin da sanyi yake riƙe da ransa, da duk abin da ake yin jabunsa. Yogot, kifi da kaza na firji, man shanu na kwali, madarar jarirai, man shafawa da sabulun fuska na mata, fitila da soket da caja. Firjin mai shago da wutar NEPA yake rayuwa, abin ciki ya daskare ya narke ya sake daskarewa sau nawa a mako, Allah kaɗai ya sani. Kayansa kuma suna shan rana da ƙura a cikin kwantena ko tireda ta kwano, kuma gwangwanin da ba a cika nema ba zai iya shekara a lungu. Babban kanti yana da janareto, kayansa suna juyawa da sauri, yana da suna da yake tsoron ɓatawa, kuma ya ba ka rasit da za ka iya komawa da shi. Madarar jariri dai ban yarda a saye ta a inda ba a ba da rasit ba.

Wannan bai ɗauke maka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa ba. Idan ka ga an tara wani kaya a bakin ƙofa an rubuta "sayi ɗaya a ba ka ɗaya", juya gindinsa ka karanta kwanan wata. Yawanci saura makonni.

Akwai kuma hujjar amarya, wadda na ga bai kamata a yi mata dariya ba. Ta ce a can tana ɗaukar abu da hannunta, ta karanta, ta ajiye, ta ɗauki wani, babu mai tsare ta da ido, babu turereniya, babu wanda zai ƙara mata kuɗi don ya ga lallen amarci. A shagon layi kuwa samari ne zaune a benci, ita ba za ta je ba, sai dai ta aiki yaro, ya dawo da abin da ba shi ta ce ba. Kuma mai shago ya san sirrin kowane gida: wanda ya koma sayen rabin sabulu, wanda matarsa ta fara aiko a sayo tsamiya da goruba. Wasu suna da riƙon amana, wasu kuwa kafin isha'i labari ya kai majalisa. Ga mace da ba ta cika fita ba, zuwa babban kanti sau ɗaya a wata sayayya ce, kuma shan iska ne. Mazan da suke lissafin naira da kwabo su sa wannan a lissafi.

Littafin bashi

Yanzu ga inda na ce zan dawo. Kowane mai shago yana da wani littafi mai datti, an ɗaure biro a jikinsa da zare. A ciki akwai sunan malamin makaranta, da ɗan sanda, da bazawara mai 'ya'ya biyar, da ni. Bashi hanji ne. Daga ranar 20 ga wata zuwa ranar da waya za ta yi ƙara, rabin layinmu a kan littafin nan yake rayuwa.

Mutanen Samaru da Zango da Palladan ba su manta 2022 ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas, gwamnati ta riƙe albashi, ɗalibai sun watse, gari ya yi tsit. Malamai masu digiri uku sun ci tuwo a wannan shekara saboda wani mai awo da bai gama firamare ba ya ce, "Malam, ɗauka, in an biya ku ka kawo." Haka a farkon 2023, da aka canza fasalin naira takardar kuɗi ta ɓace, taransifa tana maƙalewa, mai POS yana yanka son ransa. A babban kanti, in kati ya ƙi, sai ka ajiye kwando ka fita kana sunkuyar da kai. A layi kuwa aka buɗe sabon shafi.

Mai shago kuma shi ne yake farke babban kwali ya ƙulla maka daidai aljihunka: sukari na ɗari, man gyaɗa ludayi guda, maggi ƙwaya biyu, omo ƙulli ɗaya. In ka lissafa, wanda yake saye ƙulli-ƙulli yana biyan fiye da mai sayen babba, talaka kullum shi yake saye da tsada. Amma wanda ke da naira 500 a hannu, rangwamen da ke kan katan bai shafe shi ba.

To ga abin da muke yi wa wannan mutum. Albashi ya shigo, sai mu yi wanka mu ɗauki iyali mu tafi PZ mu zube kuɗi lakadan. Kwana ashirin bayan nan, aljihu ya bushe, sai mu tura yaro wajen Baba mai shago a ce a rubuta. Babban kanti ya samu tsabar kuɗinmu, shi kuma ya samu sunanmu. Ba farashin babban kanti ne yake karya shi ba, wannan rabon ne.

A yi lissafi. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara. A irin wannan yanayi, in ka riƙe wa mutum naira 10,000 wata uku, ranar da ka biya shi kayan da za ta saro masa sun ragu da kusan na naira 800. Bai ɗora maka ruwa ba, addini ya hana, kunya ma ta hana. Shi kuma ɗan sari ba ya ba shi kaya sai da kuɗi, ko bashin kwana kaɗan. A ce jarinsa naira 500,000 ne, 150,000 tana cikin littafi. Kowane zuwa Sabon Gari kayan da yake ɗaukowa suna raguwa, kanta tana yin fili, masu kuɗi a hannu su zo su tarar babu abin da suke so, su ƙara gaba. A haka shago yake mutuwa, ba rana ɗaya ba. Sai wata safiya ka ga an mayar da wurin na cajin waya.

Ni kaina na yi wannan. Wata rana na sauka daga Keke da ledoji huɗu masu tambari, dole ta gaban mai shagon layinmu zan wuce, kuma akwai bashinsa na wata biyu a kaina. Ya ɗago ya dubi ledojin, ya dube ni, ya ce, "Malam, an dawo lafiya? A gaida uwargida." Bai ƙara ko kalma ba. Washegari da daddare maggi ya yanke, na tura ƙaramin ɗana a rubuta. Ya dawo da maggin, da alewa guda a ɗaya hannun, wai Baba ya ce a ba shi. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ban ce littafin ba shi da illa ba. Akwai mai shagon da alƙalaminsa yake zamewa, ka karɓi abu uku ka tarar da biyar. Akwai yaran gida da suke karɓo biskit da sunanka. Kuma bashi yana ɗaure ka, ko kayansa sun fi tsada ba ka da bakin magana. Ka riƙe naka ƙaramin littafi a gida, ka kuma gaya masa wanda kaɗai aka yarda ya karɓa.

Inda nairar take kwana

Naira dubu da ka ba mai shago ba ta nisa. Wani abu ya tafi wajen ɗan sari, wani wajen mai baro da ɗan acaɓan da suka kawo kaya, wani wajen matar da take aiko masa da ƙuli-ƙuli da alewar madara da zoɓo da daddawa daga cikin gida. Waɗannan mata, da yawansu ba sa fita, tagar shagon nan ita ce kasuwarsu. Babban kanti ba zai karɓi kayansu ba sai da lambar NAFDAC da leda mai tambari, kuma da yawa sai an sayar ake biya. In taransifoma ta ƙone, ko za a gyara rufin masallaci, ko a biya 'yan sintiri, mai shago yana cikin waɗanda ake fara tsayawa a ƙofarsu. Shi ake bar wa makulli da saƙo. Fitilarsa ce take ci har ƙarfe goma sha ɗaya, kuma shi yake fara lura in baƙuwar fuska ta yi sawu uku a layi.

Babban kanti shi ma yana kawo nasa. Yana ɗaukar samari da 'yan mata aiki da albashin wata, waɗanda suka gama kwalejin Nuhu Bamalli ko ta horar da malamai, FCE, suna zaune, yana biyan haraji da ake gani a takarda, yana kuma tilasta wa 'yan kasuwa su gyara: yanzu za ka ga shagunan unguwa da suka sa tayil da kantoci da POS, suna manna farashi, saboda sun ga abin da yake jan mutane. Bambancin da nake gani shi ne ƙarshen tafiyar. Yarinyar da take zaune a na'urar karɓar kuɗi, bayan shekara biyar tana nan a kujerar, ko an sauya ta da wata. Yaron shago kuwa yana koyon sari, ya san 'yan Singa, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, in ubangidansa mai tsoron Allah ne wata rana ya yaye shi da ɗan jari. Rabin masu shagunan da na sani ta wannan hanya suka taso. In ubangidan ba mai tsoron Allah ba ne kuwa, yaro ya yi shekara goma a banza, wannan ma muna gani.

Abin da na ce wa ƙanena ya yi

Mai samun na yau da kullum ba shi da zaɓi a nan, kuma ba ya buƙatar shawarata. Mai mota da babban firji da sola, wanda yake iya sayen katan-katan ya ajiye, babban kanti da 'yan sari za su rage masa kuɗi sosai, ya je abinsa, sai dai ya riƙa tunawa da na layi ko da burodin safe ne. Maganata da irinmu ce, masu albashin da yake ƙarewa kafin wata.

Na ce masa ranar da kuɗi suka shigo, kafin ya taka ko'ina, ya fara tsayawa wajen mai shago ya goge littafi tas. In da hali ya ajiye masa wani abu a gaba, na burodi da sukari da maggi da ruwan leda na wata. Daga nan ya wuce kasuwar Tudun Wada ko Sabon Gari ya yi awo: masara, shinkafa, wake, manja, man gyaɗa, busasshen kifi, kuka da kuɓewa. Kayan miya ɗanye kuwa duk bayan kwana biyu ko uku, wajen mai tebur na kusa. Abin da ya rage, shi ne na babban kanti, sau ɗaya a wata, da takarda a rubuce daga gida, da kuɗin da aka ƙirga a hannu, katin banki kuma a bar shi a ƙarƙashin filo. Madara, kayan firji, kayan shafa, abin da ake tsoron jabunsa. Kada a je da yunwa, kada a je da yaran maƙwabta.

Ya ce, "Yaya, ai in na fara da biyan bashi da awo, abin da zai rage bai kai a hau Keke dominsa ba."

Na ce to ka ga amsar tambayarka ke nan.

Da wata ya zagayo ya sake zuwa, wannan karon tare da amaryar, ta shiga ciki wajen yayarta. Ya ce ya samu mai awo a Tudun Wada, wani dattijo, har ya nuna masa yadda ake gane tsohon wake da haƙori. Sannan ya miƙo min sabon rasit, bai fi tsawon tafin hannu ba. Abu shida ne a kai. Na biyar turaren ɗaki ne na fesawa. Na ɗago na dube shi, ya kalli ƙofar ɗakin da matan suke, ya rage murya.

"Yaya, wannan kam ba a taɓa shi."